Yadda Mai Gangar Filifin Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ziyarar da na kai surukaina Arfa ba, ko da na so in manta, don mutanen unguwarmu Rusaifa, a nan Makka, ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga shagon shayi sai wani ya fara buga tebur da yatsu yana kallon silin, wai shi bai san abin da yake yi ba. Manya fa, masu furfura. To tunda labarin ya riga ya zaga gari kowa ya ƙara masa gishirinsa, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni direba ne. Na daɗe a Makka ina jan ƙaramar bas ta wani kamfani, in ɗauko ma'aikatan jinya daga masaukinsu a unguwar Shisha in kai su asibiti, in mayar da su idan sun tashi daga aiki. Yawancinsu matan Filifin ne, Musulmi daga kudancin ƙasarsu, ga ladabi ga yawan dariya. Kuya suke ce mini, wato Yaya da yarensu. A unguwa kuwa da wani abu daban aka san ni. Ni ne mutumin da ba ya wasa da maganar kiɗa. Idan wayar yaro ta yi ƙara da waƙa a ƙofar masallaci, ni ake kallo, don an san ni zan yi magana. Kuma ina yi.

Ranar farko da matan nan suka roƙe ni su haɗa wayarsu da rediyon mota, ƙi na yi. Sai babbarsu, Sista Noraida, wata gajeriya mai gilashi wadda ta girme ni, ta ce sun kwana a tsaye kan marasa lafiya, in taimaka musu da waƙa ɗaya tak. Na ce to, ɗaya, kuma ƙasa-ƙasa, kuma da mun doshi Harami ko an kira salla a kashe. Suka ce sun yarda.

Abin da ya fito daga lasifika ya kusa sa ni hawa shingen titi. Jita tana kuka kamar ana yanka ƙarfe da zarto, ganga kamar ana rushe gini a unguwar Nakkasa, wani kuma yana ihu a saman duk wannan. Na tambaya ko lafiya, suka ce ai kiɗan rok ne, wasu samarin ƙasarsu ne su huɗu, duk Filifin an san su. Na ce Allah ya ba duk Filifin haƙuri. Haka na yi makonni ina tuƙi ina tsaki, suna raira waƙarsu a baya.

Wata rana da la'asar mun tsaya a danja, na ɗaga ido na ga Sista Noraida a madubi tana share hawaye da gefen mayafinta. Na ɗauka rasuwa aka yi mata, har na fara shirin ta'aziyya. Ta ce a'a, waƙar ce. Da Larabcinta na asibiti ta bayyana mini cewa labarin wani mutum ne da ya tafi aiki ƙasar waje, yana aikawa ana yi masa gini a gida, bana ɗaki baɗi ɗaki, har gida ya kammala, aka yi fenti, aka sa labule, amma shi bai taɓa kwana a ciki ba. Ranar da ya je hutu ƙaramin ɗansa ya ruga ya ce wa uwarsa an yi baƙo.

Na ƙura wa titi ido. Danja ta ba da hannu, na bayana ya yi ta danna mini oda. Ni ma ina da gida a Kano wanda a hoto kawai na san launin ƙofarsa. Washegari da suka shigo, tun kafin su zauna, na ji bakina yana cewa, “Sista, a sa ta jiya.”

Daga nan fa na zame. Na sa aka rubuta mini sunan mawaƙan (ba zan faɗa muku ba, don kada ku je ku nema ku ma ku faɗa ramin), na riƙa nemansu a waya da yatsa ɗaya. Lokacin cin abincin rana abokan aiki suna hira, ni ina cikin mota ina kallon wasanninsu. Sunayensu sun yi mini wuyar faɗa, sai na raɗa musu nawa: Mai Gashi shi ke waƙa, Dogo da Shiru-shiru ke riƙe da jita, sai Gajere mai ganga. Wannan Gajere, jama'a! Mutum ne ɗan ƙarami, idan ya zauna a bayan gangunansa da ƙyar ake hango kansa, amma da ya ɗaga sanduna sai ka rantse hannu shida gare shi. Na san ya taɓa karyewa a wuyan hannu, likitoci suka ce ya haƙura da kiɗa, ya ƙi. Na san Dogo ya taɓa yin fushi ya fita daga ƙungiyar, kuma na yi kwanaki ina jin haushinsa kamar ni ya yi wa laifi, har matata ta tambaye ni ko an taɓa ni a wurin aiki ne.

Na shiga wani zauren masoyansu a waya inda ba na gane ko kalma ɗaya, sai dai in ga an sa hoton Gajere in tura babban yatsa. Na haddace waƙoƙi da kunne, ban san inda kalma ta fara ba balle inda ta ƙare. Da na sauke matan nan a asibiti sai in ɗaga gilasai, in ƙure murya, in kama hanyar Shisha ina rerawa ina dukan sitiyari. Wanda ya hango ni daga waje zai ɗauka da wani nake faɗa. Duk wannan ba wanda ya sani, ko matata.

Ana cikin haka Mansur ya fito neman 'yata Ruƙayya. Yaro ne ɗan Sakkwato, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau, yana salla, ba shi da abin zargi. Ruƙayya tana son sa, uwarta ma ta yaba. Ranar da ya zo gaishe ni yana durƙushe a gabana, kansa a ƙasa, sai wayarsa ta fashe da wata waƙar zamani a aljihu. Ya rikice yana lalube, wayar ta suɓuce ta faɗi a kan darduma tana ci gaba da rashin kunyarta.

Na bar shi sai da ya kashe, sannan na buɗe masa wuta. Na tambaye shi ko ya san a wane gari yake. Na ce mutumin da ya cika aljihunsa da kiɗa da me zai cika gidansa? Na ce ni ban haifi 'ya don a kai ta gidan gala ba. Yaron nan gumi ya jiƙa masa riga, ba abin da yake cewa sai “A yi haƙuri, Baba.” Ruƙayya, wadda a nan aka haife ta kuma idan ranta ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinta, ta wuni tana kuka da Larabci. (Za ku ce munafunci ne. To ni a lokacin ban ga haka ba. A ganina abin da ke wayarsa shirme ne na kwamfuta, nawa kuwa mutane ne da kayan kiɗa na gaske a hannunsu. Har yanzu ma ina kan wannan ra'ayi, amma mu bar shi.)

Daga baya na sauko. Mahaifin Mansur, Malam Umaru, ya zo umra da iyalinsa, da niyyar idan sun kammala a zauna a sa rana. Dattijo ne dogo, fari tas da gemu, malamin zaure, irin mutanen da idan suka yi gyaran murya sai ka duba ko hularka ta karkace. Don in nuna musu cewa gidan mutunci ɗansu zai shiga, na roƙi manajanmu ya ba ni motar ranar hutu in kai su ziyara. Na wanke ta ciki da waje, na turara ta, na sa farar jallabiyata ta Idi.

Da safe komai ya tafi daidai. Malam Umaru yana gaba kusa da ni, Hajiyarsa da 'yan uwa suna tsakiya, Mansur ya maƙale a kujerar ƙarshe kamar yadda ya kamaci suruki. Na nuna musu Mina, na nuna musu Muzdalifa, muka tsaya a Arfa suka yi addu'a. Ina bayani a nitse, ina jefa Larabci nan da can. Har na ji Hajiya tana ce wa ta kusa da ita lallai Mansur ya dace da surukai.

A hanyar dawowa muka faɗa cunkoso a bakin wata hanyar ƙarƙashin dutse. Mota ba ta gaba ba ta baya. Sai Malam Umaru ya ce ko akwai karatu a sa mana mu rage hanya. Na ce sosai ma. Na kunna rediyo, na miƙa hannu zan ɗauko waya in zaɓo. Ban kai ga taɓa ta ba. Wannan munafukin bulutut mai haɗa waya da rediyo, wanda kullum sai na yi ta fama da shi kafin ya haɗu, ranar nan shi ya haɗa kansa da kansa, ya ci gaba daga inda na tsaya jiya, da muryar da na bar shi a kai.

Gajere ne ya fara shigowa. Gilasan mota suka ɗauki rawa. Hajiya ta yi salati da ƙarfi, carbin Malam Umaru ya faɗi ƙasa, wata tsohuwa a baya ta riƙe kujera ta ɗauka karo muka yi. Na danna wannan na danna wancan, na ƙara murya maimakon in rage, har Mai Gashi ya samu damar kurma ihunsa guda kafin na kashe.

Nan take Allah ya ba ni mafita. Na ce a gafarce ni, ma'aikatan asibitin da nake ɗauka ne, su ne suke cika mini mota da wannan abu, na yi magana har na gaji. Malam Umaru ya ɗauko carbinsa ya girgiza kai cikin tausayi. Kowa ya yarda. Wallahi kowa ya yarda. Da na ja bakina na yi shiru, da yau ina nan da mutuncina.

Amma Malam Umaru bai bar maganar ba. Ya ce lallai neman halali akwai wuya, dubi bawan Allah kamata ana azabtar da shi da wannan hayaniya kullum. Na ce haka ne, Malam. Ya ce shi bai taɓa jin ƙazamin sauti irin wannan ba. Na ce haka ne. Ya ce mai waƙar kamar an taka wa akuya wuya. Na ce haka ne, amma a hankali. Ya juya baya yana yi wa iyalinsa bayani cewa mutanen Sin ne, haka kiɗansu yake, ba kai ba gindi. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na ƙanƙame sitiyari ina karanta lambar motar gabana don in ɗauke hankalina.

Sai ya ce, da Sakkwatancinsa, “Shi ko mai gangar ga, wanga ba kiɗi ba na. Ko yaro ka ba gwangwani da icce ya fi shi.”

“Malam, ba 'yan Sin ba ne.”

Ni na faɗa. Na ji muryar, na gane tawa ce, amma ban san lokacin da ta fito ba. Ya ce, “Na'am?” Nan ma da na ce ba komai, da an wuce. Ina! Na ce 'yan Filifin ne, kuma tsakanin Sin da Filifin akwai teku. Na ce wanda ya kira da akuya mutum ne da ke cika filin ƙwallo da jama'a. Na ce shi kuwa mai gangar, a yi masa adalci, da karyayyen hannu ya dawo yana wannan aiki, kuma a duk ƙasarsu ba a yi kamarsa ba. Na kawo tarihin fitar Dogo da dawowarsa. Na ce matsalar ita ce daga tsakiya aka ji, kuma da ƙarfi, shi ya sa ba a fahimta ba.

Sannan na aikata abin da har gobe idan na tuna sai na rufe fuska da hula. Na ce, “Bari ka ji daga farko, Malam.” Na mayar da waƙar baya na kunna.

Na ɗaga yatsa ina cewa a saurari nan, a saurari yadda zai shigo. Da Gajere ya shigo na bi shi a kan sitiyari, bugu da bugu, ban kuskure ko ɗaya ba. Da aka zo amshi kuwa, wurin da yaron yake cewa an yi baƙo, na rufe ido na ɗaga murya na raira shi da yaren Filifin tun daga farko har ƙarshe, da farar jallabiyata, a gaban mahaifin mai neman 'yata, muna dawowa daga Arfa.

Odar motocin baya ce ta dawo da ni. Hanya ta buɗe tuni. Na kashe rediyo. Malam Umaru yana kallona kamar yadda ake kallon wanda aljanu suka sauka a kansa a tsakiyar kasuwa. Na saci kallon madubi. Can a kujerar ƙarshe Mansur ya cusa gefen rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye yana bin kumatunsa. Idonmu ya haɗu. Yaron da na tsare a kan darduma saboda ƙarar waya.

Haka muka isa masaukinsu. Da za su sauka tsohuwar nan ta tsaya ta tofa mini addu'a a ka.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da matata zaune a ƙasan kicin ta riƙe ciki, dariya ta hana ta tashi. Da ta samu numfashi sai ta ce, “Alhaji, ashe Dogo ne ya hana ka cin tuwo kwanakin baya?” Ruƙayya kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta zazzage mini Larabci, ta ce na kunyata ta, ta ce yanzu mutanen nan za su koma Sakkwato su ce gidan mahaukata ne, ta shige ɗaki ta rufe. Wannan ne ya sa jikina ya yi sanyi, don idan auren nan ya lalace a kan Gajere, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka riƙa juya maganar a unguwa. Wai na tsayar da mota na fito na yi rawa a titi. Ƙarya ne. Wai ina tara guzurin tafiya Manila. Ƙarya ne, tambayar kuɗin jirgi kawai na taɓa yi. Wani ma cewa ya yi waƙar Indiya ce, kuma da ƙyar na hana kaina zuwa gidansa in gyara masa.

Kwanaki suka wuce ba mu ji daga surukai ba. Ruƙayya ba ta cin abinci. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na sa hula na tafi masaukin Malam Umaru da kaina, ina tsara ban-haƙuri a hanya. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi da dabino. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce sun zauna da 'yan uwa sun tattauna, maganar aure tana nan, a sa rana bayan Babbar Salla. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Sai ya dafa gwiwata, ya sassauta murya yadda ake yi wa mai jinya, ya ce, “Kowa da jarrabawa tai, Alhaji. Mun duba mun gani, ita yarinya ba ta da laifi.”

Ita yarinya ba ta da laifi! Kamar wanda aka kama da kayan maye. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a Allah ya yaye mini, ya sa iyalinsa suka taya shi daga bayan labule. Ni kuma, da na zo neman alfarma, dole na tara hannu ina cewa amin, amin, alhali a cikin raina ina cewa mutumin nan fa har yanzu bai saurari waƙar da kunnen basira ba.

An yi biki lafiya. Mansur yaron kirki ne, bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk ranar da zai zo gaishe ni, a bakin ƙofa yake tsayawa ya ciro wayarsa ya kashe a inda zan gani, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ni ma na kashe tawa. Sai in ciro ta in kashe. Yaran unguwa ma sun huta, yanzu ko wayar wa ta yi ƙara a ƙofar masallaci, takalmina nake nema.

Abin da na koya shi ne, ni dai ba a yi ni don ɓoye ƙauna ba. Ƙarya na iya ta daidai gwargwado, kun ga ai har an yarda da ni. Abin da ban iya ba shi ne a zagi nawa ina zaune. Saboda haka idan kana da wani abu da kake so a ɓoye, kada ka tsare yaron mutane a kan irinsa, kuma kada ka ɗauki surukanka a motar da ta san sirrinka. Ka yi musu hayar tasi.